Akwatin Habibu Bai Kashe Kowa Ba

Ina tashar Garo ina jiran fasinja, ɗan kamasho ya leƙo ta taga ya ce, "Baba Ilu, Habibu mai waya ya rasu. Motar hayar da ya shiga zuwa Kano ce ta kife." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Lokacin hannuna yana kan abin da ya ƙera mini, na kasa ɗauke shi.

Ban yi boko ba. 'Yata ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma hana ta gyara mini magana, domin abin da na ji a zaman makoki ya tsaya mini a wuya.

Habibu ɗan aminina ne marigayi, yana da shagon gyaran wutar mota a Gwarzo. Da ciwon sukari ya sa aka yanke mini ƙafar dama, 'ya'yana suka ce in zauna su ciyar da ni. Ni da nake tuƙi tun kafin a haife su, in koma gindin bishiya ina kora ƙuda. Duk wanda ya zo dubiya, haƙuri yake ba ni ya tafi. Habibu kaɗai ya gaishe ni, ya nemi makullin mota. Ya daɗe kwance a ƙasan sitiyari, sannan ya fito yana kaɗe riga.

"Baba, motarka ba ta da kulochi, birki kuwa ƙafar hagu ta isa. Totur ɗin nan kuma ba igiya ke jan sa ba, wuta ce. Ƙafa gaya wa injin kawai take yi yawan man da zai sha. Abin da ƙafa ke faɗa, hannu ma zai iya faɗa."

Ya samo mariƙin totur na babur mai caji ya ɗaura kusa da giya. Ya haɗa wasu ƙananan kayan wuta, ya rufe su cikin ɗan akwatin robar sabulu. Kanikawan layinsu suka sa masa suna injiniyan sabulu. Ya ci gaba da aikinsa.

Ni ma na sha faɗa da shi, kuma har yau ina ganin ya cika jinkiri. Ya ɗora motata a kan duwatsu, tayoyi na juyawa a iska, har damina ta wuce. Sai ya tayar da injin, ya fizge waya ɗaya ya saurara, ya mayar, ya fizge wata. Na je na ce masa in wasa yake so ya sayi tasa motar. Ya ce, "Baba, tafiya ba wuya. Tsayawa nake koya mata." Bai ba ni makulli ba sai da ya tabbata ko wace waya ta tsinke, ko na taɓa birki, injin zai lafa da kansa. Yakan ce, "Abin da ban yarda in ɗauki Innata a ciki ba, ba na saka wa mutum."

Wannan mutumin ne aka zauna a tabarmar makokinsa ana cin namansa. Wani da bakinsa ke cike da goro ya ce, "Ai an ce irin akwatin nan nasa ya saka wa motar, ta ƙwace wa direba." Aka yi ta gyaɗa kai. Tir.

Na je da kaina na ga motar da ta kife a bakin titi. Tsohuwa ce mai totur na igiya, ko waya ɗaya ta Habibu babu a jikinta. Taya ce ta fashe, taya sumul kamar tafin hannu, ga lodi har saman rufi. Amma mai motar ya aiko da buhun shinkafa gidan rasuwa, shi ya sa ba wanda ya tuna da taya. Mamaci ba ya musu, sai aka ɗora masa. Har 'ya'yansa ake gaya wa a makaranta wai wayar ubansu ta kashe mutane.

Fasinja suka fara tsallake motata. Babban ɗana ya ce, "Baba, a cire abin nan kawai a huta." Na ce masa ya fara cire mini ɗaya ƙafar.

Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune mota wayam, sai ga Inna Abu, mahaifiyar Habibu, tana dogara sanda. Ta ratsa ta gaban masu surutun, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna. Ta shafa robar sabulun nan, ta ce, "Malam Ilu, kai ni Gwarzo da aikin ɗana." Na murɗa mariƙin, muka tafi mu biyu. Ta saya wa marayunsa takalma, na dawo da ita har ƙofar gida.

Ya Allah, Ka jiƙan Habibu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, da na waɗanda suka rasu tare da shi. Ka ba Inna Abu da matarsa haƙuri, Ka raya 'ya'yansa su san gaskiyar ubansu. Masu ƙazafi kuwa na bar su da Kai, don ni ban iya yafewa ba tukuna. Habibu ya mayar mini da ƙafa a duniya, Ka tabbatar da tasa a kan siraɗi. Amin.