Ranar da Mastura ta kai Tahani bakin teku

Mastura maƙwabciyata ce a unguwar Ammariyya. Umra ce ta kawo ta Jidda, ba ta koma ba. Wanki da guga take yi a gidajen Larabawa, kuma duk zamanmu ban taɓa ganin ta bi babban titi ba, kullum lungu. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, haka ma 'yarta Tahani, wadda aka haifa a ɗaki bayan an kama uban an mayar da shi gida.

Yarinya ta yi wayo a garin teku ba ta taɓa ganin teku ba. Ta dame uwar da naci, har Mastura ta roƙe ni in raka su. Wata Juma'a da la'asar muka je wata gaɓa marar hayaniya, inda iyalai ke shimfiɗa darduma a kan yashi suna shan shayi. Mastura ta zauna a takure, ko takalmi ta ƙi cirewa. Na ce mata ita kaɗai na sani mai zuwa shan iska da shirin gudu.

Muna sallar magariba yarinya ta ɓace. Muka bi gaɓa muna leƙa kowace shimfiɗa. Mastura na kiran sunanta ƙasa-ƙasa, don ko a wannan hali tsoron tara jama'a take. Ta shiga ruwa har gwiwa da abayarta tana lalube da hannu. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na ranar ba.

Can muka hango Tahani zaune kusa da motar masu gadin teku, an ba ta robar lemo. Ni mai takarda na je, wani askari a cikinsu ya ce sai dai uwarta ta zo. Mastura ta san zuwan na iya zama tafiyarta ke nan daga ƙasar. Ta gyara mayafi ta nufi motar.

Askarin ya nuna ta, ya tambayi yarinyar ko wannan ce uwarta. Tahani ta dube ta, ta girgiza kai, ta ce da Larabci ba ta san ta ba. Abin da Mastura ta koya mata ke nan tun tana koyon magana, cewa in masu kaki suka tambaya kada ta taɓa nuna uwarta.

Mastura ta durƙusa a kan yashi. "Tahani, halas, ya isa. Yau kam ki faɗa. Ki ce ni ce."

Yarinya ta ƙanƙame robar lemon, hawaye na zuba, ta sake girgiza kai. Askarin ya miƙo wa Mastura hannu.

"Iƙama," in ji shi.