Inda Iya Take Juya Aska

Na kai shekarun da likita yake da ra'ayi a kan komai nawa, har da haɓata. Tun da ya ɗora ni a kan maganin tsinka jini ya ce in rabu da reza. Na ce masa to, irin "to" ɗin da ɗalibai suka yi ta ba ni a lakwal, wato makaranta, har na ajiye alli. Hannun damana kuma ya soma rawa, ba sosai ba, daidai yadda shayi zai zuba a faranti. A watan jiya na yanke ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗan yankan da bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma jini ya ƙi tsayawa har hantsi. Matata Rabi ta danne wurin da tawul. Washegari 'yarmu Nafisa ta ƙetaro gada daga Akpakpa da kwali a jaka.

"Baba, injin aski ne. Ba ya yanka."

"Ba ya aski kuma," in ji ni.

"Ka gwada tukuna. In aka sake irin na jiya sai asibiti, ni kuma wallahi na gaji da warin asibiti."

Na ɗora kwalin a kan kabad, na ci gaba da rezata a ɓoye kamar yaro mai satar sukari. Amma duk lokacin da na zuba ruwan zafi a kwano, tururin sai ya mai da ni gidan kakannina a nan unguwar Zango ta Kwatano.

A littattafan karatu, yara kan kewaye wuta saboda sanyi. Mu a Kwatano zufa muke yi ko ana tsakiyar ruwan sama. Wutar da muke kewayewa ta aiki ce: murhun gawayi da tukunyar ruwa a kai, kowace Alhamis bayan magariba. Kakarmu, wadda muke kira Iya, takan jefa busasshen ɓawon lemo a garwashin don hayaƙi ya kori sauro. Sauron Kwatano dai bai taɓa samun labarin cewa yana tsoron ɓawon lemo ba.

Ruwan na askin kakanmu ne, Baba Tsoho. Farken goro ne da ya gaji da hanya ya zauna, kuma bai yarda ya shiga masallacin Juma'a ba sai kansa ƙwal, yana sheƙi a ƙarƙashin hula. Wani wanzamin unguwa ya taɓa yankarsa a ƙeya, inda fata ta naɗe, ciwon ya ƙi warkewa damina guda har ya kwantar da shi. Da ya tashi ya rantse wanzami ba zai sake dafa kansa ba. Shi kuma hannunsa rawa yake yi. Sai aikin ya faɗo kan Iya. Mace ta aske wa namiji kai, a Zango, wannan zance ne da zai kai wata Sallar ana juya shi a bakin famfo. Don haka sai an sakaya ƙyauren tsakar gida, sannan ta nuna mu da aska: "Wanda ya kai maganar nan waje, da kansa zan fara."

Ta tsoma tsumma a ruwan zafi, ta naɗe masa kai har gashi ya yi laushi. Ta murza sabulun salo a tafinta ya yi kumfa. Ta wasa askar a wata tsohuwar fata. Sai ta dube mu ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, "To, ga wata ta fito daga tafki jiƙe sharkaf."

"A shanya mana ita!" mukan amsa.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma ranar aski kusan kullum ta Bushiya ce. Wai Bushiya ba ta rasa gayyatar suna, tana kai gudummawa, tana cin tuwo, amma ba a taɓa miƙa mata jariri ba. Da ta miƙa hannu sai mai jego ta ce, "Ai ya yi barci." Abin ya dame ta, ta ce ƙayar nan sai ta tafi. A garin akwai masu aski biyu. Ƙaguwa tana bakin tafki, tana aiki da ruwa da kumfa, ta ce, "Ni har fata nake kaiwa." Gyare kuma yana kan tudu, a bushe yake aiki, da ƙara kamar ana niƙa, ya ce, "Ni ragewa nake yi, ba na ƙarewa."

"Malalaci ke nan," in ji Baba Tsoho daga cikin kumfa.

"Alhaji, tsai da kanka. Kai aka ba tatsuniyar ko yara?"

Bushiya ta zaɓi Ƙaguwa. Aka jiƙa ta, aka kankare ta, ta fito sumul kamar ƙwai, ta tsaya tana kallon kanta a ruwa har ta kusa makara. Sai dai tsakanin tafki da gidan suna akwai tafiya. Rana ta same ta, gishirin iska ya shiga 'yan yankan da ba ta san da su ba, sauro ya kira danginsa har na unguwar Zogbo. Nan Iya takan kwaikwayi sauro da hanci, mu faɗi ƙasa don dariya. Da Bushiya ta isa, mai jego ta ce, "Kai, yau kam ga ɗanki." Aka ɗora mata jariri a baya, ta kurma ihu, don fatar ba ta iya ɗaukar ko ƙuda. Da ƙayar ta tashi tsirowa kuma, rabi ta yo waje, rabi ta lanƙwashe ta koma ciki.

Wani sunan ya zagayo, ta hau tudu wurin Gyare. Ya yi ta ƙara, ya yi ta ƙara, ya bar ta da gajerun kututture. Ba kyau, ba sheƙi. Mai jego ta dube ta, ta ninka zane ta shimfiɗa mata a baya, ta ɗora jariri. Yaro ya yi barci, Bushiya ta yi ta jijjiga shi har aka watse.

"Ta koma tafki," Iya takan rufe, "wanda ya bi ta ya jiƙe."

Akwai abin da na gani tun ina ƙarami, don ni nake zama ta bayansu. In aska ta gangaro ƙeya, wurin tsohon tabon nan, daidai lokacin ne sauro yake shigowa labari. Muna dariya, Baba Tsoho yana gunaguni, ita kuwa sai ta juya askar a yatsunta, ta ja gadon bayanta a kan fata, ɓangaren da ba ya yanka. Kumfa ya tafi, gashi ya zauna. Daga baya, in yana lumshe ido, ta bi wurin da ɗan almakashi. Na taɓa tambayarta.

"Maigidana," ta ce, don haka take tsokanata, "ido gare ka kamar ɗan duwan mai binciken kaya a iyaka. Tashi ka ƙaro gawayi."

Na girma na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne mutum ya gode wa Allah da surarsa. Haka na ma koyar da ita a aji, da muryar mai tabbacin abin da yake faɗa. Ni kaina kuwa mutumin Ƙaguwa ne. A zamaninmu malamin lakwal ba ya shiga aji da inuwar gashi a fuska. Ruwan zafi, kumfa, reza sabuwa, in bi gashi sannan in dawo in tare shi ta inda yake kwance, in goga dutsen alif ya yi mini raɗaɗin da nake ɗauka tsabta ce. Gashinmu kuma murɗaɗɗe ne, in aka yanke shi ƙasa da fata sai ya rasa hanya ya koma ciki. Na yi aikin gwamnati kaf da kuraje a ƙarƙashin kwalar riga, ban taɓa haɗa su da ƙayar Bushiya ba. Karatu yana da wannan ladabi: ba ya tilasta wa mutum ya gane abin da ya shafe shi.

Makon da ya wuce Rabi ta tsinci tsumma mai jini a bayan randa. Ta kawo ta ajiye a gabana, ta sauko da kwalin ta ajiye kusa da shi, ta koma kicin. Na gwada injin.

Tun da duba jarrabawa ne sana'ata, bari in yi adalci. Reza ta fi shi kaiwa fata, babu gardama. In ka yi aski da ita da safe, har gobe kana iya shafa fuska ba kunya, kuma ruwan zafin nan kansa wani hutu ne. Inji kuwa fuska busasshiya yake so, wanda a garin nan sai ka tsaya gaban fanka tukuna, in ba haka ba ya dinga jan gashi yana manne wa zufa. Yana ƙara. Yana ɗumi in ya daɗe. Sai ka tuna ka ba shi wuta tun kafin a ɗauke, ka buɗe kansa ka kaɗe garin gashi. Kafin la'asar inuwa ta dawo. Amma babu jini, babu alif, kuma kurajen wuyana da na ɗauka gado ne sun soma kwanciya. Na zauna da wannan sakamako ina jin haushinsa, kamar yadda nake ji in ɗalibin da ba na so ya ci jarrabawa.

Alhamis ɗin nan bayan magariba, hannuna ya ƙi tsayawa ko da injin. Rabi ta karɓa.

"Ɗaga haɓa, Malam. Kai da ka saba ɗaga ta wa mutane."

Ta bi ƙarƙashin muƙamuƙi a hankali, ta kewaye inda na yanke. Ta kashe injin, ta hure wuyana, ta ce, "Sumul."

Na ɗaga hannu zan shafa in kama ta da ƙarya. A nan ne Baba Tsoho ya faɗo mini a rai, yadda yake yi in Iya ta gama. Yakan shafa goshi, ya shafa tsakar kai, ya shafa gefe da gefe, ya ce madalla. Daidai inda ƙeya ta fara hannun yake tsayawa, ya ɗauki hula. Mutumin da yatsunsa suke gane goro mai tsutsa a cikin huhu ba tare da ya duba ba, shi ne za a bar wa gashi a ƙeya bai sani ba? Ya sani sarai. Tatsuniyar tasa ce tun farko, mu 'yan rakiya ne. Ita tana juya aska, shi yana tsai da hannu, kuma a haka ya yi ta zuwa Juma'a da ƙafarsa har ƙarshen ransa.

Rabi tana tsaye da injin, tana jira ta ga inda hannuna zai sauka. Na shafa kumatu, dama da hagu. Na tsaya a nan.

"Madalla," na ce. "Rezar tana bayan madubi, cikin gwangwanin shayi. Ki ɗauke ta."