Kwantaccen Cikin Sailuba

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu kifi a kasuwar Lolo ya san Sailuba mai banda, ko da bai riƙe sunanta ba. Doguwa ce, baƙa, murya kamar ta namiji, tana fara ciniki da Hausa ta ƙarasa shi da Dandanci ba ta ko ja numfashi ba. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba na ɓoyewa, taƙama nake da ita. Wanda ya ji haushi ya je ya sha ruwa.

A Kende aka haife mu, gidan manoma, inda kifi sai an sayo. Aure ne ya kawo ta Lolo gidan Albashir mai kwale-kwale. Uwar mijinta, wadda kowa ke kira Inna, ita ta koya mata banda: yadda ake naɗe tarwaɗa a soke ta da tsinke, irin iccen da hayaƙinsa ba ya sa ɗaci, da lokacin da ake juyawa. Ba a jima ba ta fi mai koya mata. Matan Madekali, can ƙetaren iyaka ta gefen Benin, har gida suke biyo ta kafin ranar kasuwa, don kada a riga su.

Abu ɗaya ne bai zo mata yadda take so ba. Ɗiya ɗaya ta haifa, Rahma, daga nan haihuwa ta tsaya cak. Har aka kai Rahma ɗakinta, ba ƙane ba ƙanwa. Yaya ba ta faɗa, amma in ta ɗauki jaririn wata, sai an yi da gaske take mayarwa.

Kwatsam sai ga ciki ya fara tasowa. Wayyo murna! Inna har guɗa ta yi a tsakar gida, da tsufanta. Sai dai jinin wata bai ɗauke ba, ƙaruwa ma ya yi, wata tara ya wuce shiru. Inna ta shafa cikin ta ce, "Jinin nan ne ya kwantar da shi. Yana nan, barci yake, a dai nemo maganin tayarwa." Ba wanda ya yi mamaki. Mu nan haka muka tashi muka tarar, ciki kan kwanta shekara biyu ko uku, ran da Allah ya nufa ya tashi a haife shi. Kowane gida akwai wata goggo da ake ba da labarinta.

Shekara huɗu babu abin da Yaya ba ta ɗura wa cikinta ba. Saiwa daga Kamba, sassaƙe daga Madekali, jiƙon da ko akuya ba za ta sha ba, turaren da ake tsugunawa a kai har ido ya yi ja. Su kuwa masu maganin nan, Allah ya isa, kullum maganarsu ɗaya: ya kusa motsawa. Cikin yana ta girma, ya yi tauri kamar ƙwarya, ita kuma tana ta ƙarewa. Tafin hannunta ya yi fari fat. Fitsari ya dame ta, aka ce ai haka mai ciki take. Ta koma cin farar ƙasa kamar tuwo, aka ce kwaɗayin ciki ne. In ta shiga mota a ba ta gidan gaba, in ta ɗauko kwando a yi maza a karɓe. Ita ma tana jin daɗin hakan, ai mutum ce.

Wata safiya tana juya kifi jiri ya kwashe ta, ta faɗi dab da murhu, gefen zanenta ya kama wuta. Allah ya sa Inna na kusa. Da aka kira ni na zo na gan ta, na manta da wata kunyar surukai. Na ce wa Albashir, "Malam, ko ka samo mota yanzu, ko in goya ta in kama hanyar Bagudo da ƙafa." Bawan Allah ya fita ya zo da mota.

A Bagudo aka ƙara mata jini, aka tura mu Birnin Kebbi a yi hoton ciki. Likitar mace ce, 'yar siririya mai tabarau. Ta daɗe tana kallon allon na'urar, sannan ta juyo da shi wajen Yaya.

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri. Babu ɗa a nan, kuma dama babu shi tun farko. Ƙari ne ya fito miki a mahaifa, ba ɗaya ba. Shi ke shanye miki jini."

Yaya ta ce, "Ki sake dubawa."

Ta sake dubawa, don dai ta faranta mata. Sannan ta zauna ta yi mana bayani dalla-dalla. Akwai ƙwayoyi masu rage zubar jini, akwai allurar da ke sa ƙarin ya motse, amma in an daina yakan dawo, kuma nata ya wuce nan. Akwai aikin da ake cire ƙarin a bar mahaifa, shi mai neman haihuwa take zaɓa. Akwai kuma wanda ake cire mahaifar ɗungurungum a huta. Ta ce da an zo tun yana ƙarami, da zancen bai kai haka ba.

Muna nan sai ga wayar Inna, tana kuka: "Kada ku bari su yanka mini jika!" Albashir ya saurare ta har ta gama, ya ce, "Inna, na gani da idona. Ni ranta nake so." Ya juyo ga matarsa ya ce abin da ta zaɓa shi ke nan.

Yaya ta juya ga likitar. Ta ce, "Likita, ki gwada ki bar mini mahaifar. In kin ga za ta tafi da ni, ki cire ta, na yafe. Amma duk abin da kika fitar, ina so in gan shi."

An gwada, bai yiwu ba. Jini ya ƙi tsayawa, dole aka cire ta. Da ta farfaɗo aka kawo mata abin a cikin tasa, kamar an tono doya, babba ɗaya da ƙanana kewaye da shi. Ta kalle shi da kyau, ba ta kau da kai ba, ta ce a ɗauke.

Da muka dawo Lolo, Inna ta riga ta shirya abin da za a faɗa. Kada ku zage ta, don ƙauna ta yi. Ta san bakin mutane, ta san sunan da ake laƙaba wa macen da aka cire wa mahaifa. Ta ce, "Za mu ce ɗan ya koma tun a ciki, aka yi aiki aka fitar. Asirinki a rufe, kowa ya tausaya miki."

Kashegari da hantsi mata suka cika gidan, na Lolo da na ƙetare, an zo jaje. Kowace ta durƙusa sai ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne." A cikinsu akwai biyu da na san ana cewa nasu ma ya kwanta, suna zaune suna jan hijabi a kan ciki. Na ga idon Yaya ya tsaya a kansu. Sai ta dafa kafaɗata ta miƙe zaune, tana riƙe da wurin ɗinkin.

"Na gode da zuwanku, amma ku daina ce mini mai ceto. Ban yi ɓari ba, ban rasa ɗa ba. Ƙari ne, na gan shi a tasa da idona. Shekara huɗu ina shan ɗaci ina jiran ya tashi, shi kuwa yana shan jinina. An cire shi, an cire mahaifata, ga ni da raina. Duk wadda aka ce nata ya kwanta, ta je a haska mata tun da sauran abin da za a ceta."

Ta sake maimaitawa da Dandanci, kada wata ta ce ba ta ji ba. Wata tsohuwa ta yi ƙasa da murya ta ce wannan ai tonon asirin kai ne. Na ce, "Iya, ƙofa a buɗe take." Wallahi ranar ji na yi kaina ya kusa taɓa rufin ɗaki, wai wannan yayata ce.

Bayan la'asar, da ƙafa ta ɗauke, Inna ta shigo ta zauna a bakin gado, fuskarta duk a jiƙe.

"Ɗiyata, don mi? Na rufa miki asiri, kin yaye."

"Inna, in na ce ɗa ne, waɗancan biyun za su koma gida su ci gaba da jira."

Sai a lokacin muryar nan tata ta karye. Ta ce, "Na san babu kowa a ciki, Inna. Amma shekara huɗu ina yi masa hira in ina juya kifi."

Inna ta jawo kanta ta ɗora a cinya, suka yi kukansu tare. Ni kuwa na fita na ja musu ƙofa.