Soron da Na Rushe

Ranar da 'yata ta dawo daga kwaleji da littafin tsofaffin gine-ginen Turai, ni na fi kowa zaƙewa. Muna zaune a falonmu a Summerfield, na buɗe hoton wata coci mai shekara dubu: bango mai kauri, 'yan ƙananan tagogi, rufi na bakan gizo. Na shiga yabon basirar Turawa, har da gyara zaman tabarau.

Mahaifiyata, da ta zo mana ziyara daga Zariya, ta karɓi littafin ta ƙura masa ido.

Ta ce, "Sak soron kakanka, wanda ka rushe ka ce ƙauyanci ne, ka buga mana kwano muna gasuwa. Laifinsa ɗaya, Bature bai ɗauki hotonsa ba."