Karan Mai Unguwa

Shekarar da muka gama elemantare a Bungudu, Baba ya kai ni da yayana Gusau don mu shiga babbar firamare. Ba mu da kowa a garin, sai ya kama mana ɗaki a Sabon Gari, a gidan wani dattijo mai sayen gyaɗa. Ba a rubuta takarda ba. An dai je gaban mai unguwa, aka raba goro, Baba ya ce ga amana, dattijon ya ce ya karɓa har ƙarshen shekara. Da zai tafi, Baba ya gargaɗe mu cewa ranar da muka rasa ɗakin nan, gona za mu koma, don ba shi da wani wurin kai mu.

Lafiya muka zauna har kaka. Gyaɗa ta yi kyau a shekarar, wurin ajiya ya yi wa maigida kaɗan. Ɗakinmu yake so, amma wanda ya karɓi amana a gaban mai unguwa ba ya iya buɗe baki ya ce a fita, shi ma bai ce ba. Da safe yakan tambayi kwananmu, ya sa mana albarka. In mun dawo daga makaranta sai mu tarar buhu biyu sun ƙaru a ɗaki.

Da farko suka cinye kusurwa, sannan wurin akwati, sannan wurin tabarma. Muka shimfiɗa tabarmar a kan buhunan. Bayan mako guda aka ɗora wani sahu. Yayana dogo ne ƙwarai, sai ya koma karatu a kwance, domin in ya zauna kansa na taɓa azara. Maigida ya leƙo, ya taya mu murna wai yanzu kunama ba za ta same mu ba.

Saura mako uku yayana ya rubuta jarrabawar wucewa gaba. Na ce mu kwashe kayanmu tun kafin a haɗa mu da rufi. Ya ce in muka fita da ƙafarmu, mu muka tafi, ba wanda ya kore mu. Ya je wurin mai unguwa, bai kai ƙarar kowa ba, ya dai roƙe shi ya zo ya ga yadda amana take.

Mai unguwa mutum ne mai jiki. Ya tsaya a bakin ƙofa da babbar rigarsa, ya rasa inda zai sa ƙafa, ya tambayi ina yaran. Muka gaishe shi daga sama. Maigida ya rantse bai taɓa cewa mu fita ba, mu ma muka shaida hakan.

“Gaskiya ne, Malam, ba ka ce ba,” in ji mai unguwa. “Amma ni a ƙasa na bar maka su.”

Ya zare kara daga danga, ya sa yayana ya kwanta a tsakar gida. Yayana ya miƙe har da ’yan yatsun ƙafa, sai da aka ɗan doke su da karan. Aka auna, aka ƙara kamu ɗaya saboda akwati da fitila, aka karya. Hukuncin shi ne tsawon karan nan da faɗin tabarma biyu namu ne har a rufe makaranta, sauran ɗakin na gyaɗa. Maigida da kansa ya fitar da buhunan, yana gunaguni cewa duk yaran ƙasar nan an rasa wanda za a auna sai wannan.

Mai unguwa ya soke karan a zaurensa. Daga nan duk ɗan makarantar da ya kama ɗaki a unguwar, da shi ake auna masa. Gajeru sun ji daɗin abin sosai.

Yayana ya rubuta jarrabawar a kan lokaci, ya ci, ya yi shekara talatin yana aikin malamin gona. Bara da ya rasu, ni aka miƙa wa kara in auna shi don masu haƙa kabari. Na auna, na ƙara kamu ɗaya. Ba wanda ya tambaye ni dalili.