Gajeruwa a Shagon Tagogi

A shagon tagogi akwai wata baiwar Allah gajeruwa, wadda in ta tsaya bayan tebur ɗankwalinta kaɗai ake hangowa. Tana zagaya taga mai mariƙin da ake murɗawa, tana ƙare mata kallo kamar mai zaɓen suruka.

"Ɗan nan, jawo teburin can ka sa tsakanina da ita," take ce wa mai shago. "Haka wurin wanke-wankena ya tare tagar kicin."

Da gani, ta shekara ashirin tana hawa kujera kafin ta buɗe taga, ga gwiwa ta fara gardama. Ta miƙa hannu ta saman teburin, ta murɗa da yatsu biyu. Taga ta buɗe salin-alin.

"Ita nake so," in ji ta. "Daga yau kujera ta koma aikinta na zama."