Sunan da Ya Ɓace a Gajeren Zango

Kwanakin baya ina jiran mota ta cika a tashar Kazaure, sai na ji wani mai gyaran takalmi yana murɗa ƙaramin rediyonsa. Bai kama tasha ba tukuna. Ƙarar nan ce kawai ta tsakanin tasha da tasha, mai kama da an yayyafa ruwa a kaskon suya, da wani siririn fito yana hawa yana sauka. Na daɗe ban ji ta ba. Sai da kwandasta ya taɓa kafaɗata na gane ashe ni kaɗai ake jira.

Zan ba ka labarin kamar yadda na riƙe shi, amma ka yi mini uzuri. Yaro ne ni a lokacin, kuma abin da yaro ya gani da abin da aka yi ta faɗa masa daga baya sukan cakuɗe.

A wani ƙauye muke kusa da Babura, inda in ka ɗan taka arewa sai ka ji ana ciniki da sefa. Mahaifina shi ne ɗan farin kakana. Bayan wata damina da gero bai yi ba, ya bi 'yan ci-rani ya ƙetara zuwa Nijar, ya wuce Agadas, ya shiga Libiya aikin gini. Da fari yakan kira wayar wani mai shago a Babura, a kawo mana gaisuwarsa ranar kasuwa. Daga baya yaƙi ya ɓarke a can. Saƙonsa na ƙarshe shi ne ya samu mota, zai biyo sahara ya dawo gida. Daga nan shiru.

Gidanmu akwai jinin Fulani, kuma kakana ya riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Bai taɓa kiran sunan mahaifina ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, in ma dole ta sa ya ambace shi sai ya ce “wancan”. Inna, mahaifiyata, ita ma ba ta faɗin sunan miji. Ni kuwa Baba nake cewa. Ka ga ke nan mutum ya ɓace a gidan da babu mai iya buɗe baki ya tambayi labarinsa. Ana cin tuwo, ana fita gona, kowa da abin a cikinsa.

Ina jin a nan ne rediyo ya shigo. Kaka yana da shi tun da can, ƙarami, cikin rigar fata da wani baduku ya ɗinka masa, amma bai dame shi ba sai a wannan bazarar. Eriyarsa ta karye, ya ɗaura mata siririyar waya ya maƙala a reshen darbejiyar ƙofar gida. Batir kuwa in ya yi sanyi sai a shanya shi kan dutse, rana ta gasa shi, ya ƙara kwana biyu. Har yanzu ina jin warinsa, wani ɗaci-ɗaci kamar na tsatsa. Zaren da ke jan allurar nuna mita ya tsinke tuntuni, allurar ta tsaya wuri guda, don haka da kunne ake neman tasha. Gajeren zango ba ya son gaggawa. Sai ka wuce Larabawa, ka wuce masu Faransanci, ka wuce wani kiɗa da ba mu san na ina ba ne, sannan can ƙasa ka ji Hausa tana tasowa kamar mai magana daga cikin rijiya. Murɗawar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba ta isa ta raba ka da ita. Kuma inda ka same ta da safe ba nan take da rana ba.

Kaka bai taɓa cewa labarin Libiya yake nema ba. Cewa yake yi yana son ya ji farashin hatsi. Amininsa, wani tsohon Babarbare da ke sayar da kanwa, shi ya gane, kuma tun da akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, shi kaɗai ke iya taɓa shi. Kullum bayan azahar zai zo ya zauna ya ce, “Bafillace, shanu ka iya, ba na'ura ba. Kama mana mutanen can, ni ina da ɗa a hanya.” Ba shi da kowa a hanya. Kaka kuma sai ya amsa da cewa bawa ba ya ba ubangidansa umarni, alhali hannunsa ya riga ya kai kan abin murɗawar. A bayan zana, Inna takan kawo tsince-tsincen wakenta daidai wannan lokacin.

Ranar da nake son ba ka labari, zafi ya yi zafi, hadari yana ta haɗuwa a gabas bai zubo ba. Dattawa sun fi na kullum yawa a gindin darbejiyar, ina zaune a gefen ƙafar Kaka. Tashar ta fito tar, abin da ba ta cika yi ba. Wakilinsu ya ce an tsinci wata mota da ta lalace a sahara kafin Agadas, ƙishirwa ta kashe da yawa daga cikin fasinjojinta, kaɗan suka rayu. Sai aka sa muryar wani daga cikin waɗanda suka tsira. Hausarsa irin tamu ce. Ya ce akwai mutanen wajen Babura da Roni a motar, ya fara kiran sunayen waɗanda suka binne a rairayi, don iyalansu su sani.

Idon dattawan nan duka ya koma kan Kaka. Na ga yatsunsa sun motsa a kan abin murɗawar. Muryar ta nutse, ƙara ta rufe ta.

Na juya wannan abu a raina shekara da shekaru. Wataƙila so ya yi ya ƙara gyara ta. Wataƙila hannun ne ya yi rawa, don dama yakan yi. Ba zan kore cewa hadarin ne ya ɗauke tashar ba, gajeren zango yakan yi haka. Amma akwai abin da nake tsoron ya zama shi ne gaskiya: mutane sun zuba masa ido, kuma duk rayuwarsa bai taɓa bari a gan shi yana kasa kunne ga zancen ɗan farinsa ba, sai hannun ya yi abin da ya saba tun kafin zuciya ta hana shi.

Babarbaren ya ce, a hankali, ba wasa a muryarsa, “Mayar da ita, Malam.”

Kaka ya yi ta nema. Larabawa, Faransanci, kiɗan nan. Babu allura da za ta nuna masa inda ya baro. Da Hausar ta dawo, labarin ƙwallo ake yi.

Da dattawa suka watse, Kaka ya riƙe ni a wuyan hannu, ya tambaye ni ko na ji wani suna kafin ta ɗauke. Na ji farkon wani suna, kuma ya yi kama da na Baba, amma sunan Baba rabin garin nan ke da shi. Na ce ban tabbata ba. Ya sake ni. Shirin yamma ya maimaita labarin motar, bai maimaita sunayen ba. Ranar kasuwa Babarbaren ya shiga Babura yana tambayar duk mai rediyo. Wani ya ce ya ji sunan, wani ya rantse bai ji ba, wani ya ce ya ji amma da sunan wani gari daban.

Saboda haka ba a yi zaman makoki ba, ba a yi sadaka ba. Liman ya ce Inna ba za ta shiga takaba a kan wataƙila ba, sai ta jira shekarun da shari'a ta yanka wa matar wanda ya ɓata. Ta jira. Kaka bai kai ƙarshensu ba. Har ya kwanta ciwon ajali yana kama tashar nan kullum bayan azahar, kuma in ya kama ta sai ya janye hannuwansa duka biyu ya tura su ƙarƙashin cinyarsa.

Yanzu kowa da waya a aljihu. Wanda ya shiga sahara yakan turo hotonsa daga kowane zango, labari kuma in ya wuce ka sai ka dawo da shi ka sake ji. Da na shiga jami'a na bincika iya iyawata ko an ajiye shirin ranar a wani wuri. Ban samu ba, ko da yake mai yiwuwa ni ne ban iya nema ba.

Da aka haifa mini ɗa namiji na sa masa sunan Baba, ina ganin ko sunan zai dawo gidan. Ban yi lissafi da kyau ba. Ɗan farina ne, bakina ya ƙi. Inna ba za ta faɗa ba, matata kuma ba ta kiran sunan suruki. Abba muke ce masa duka. Ranar da aka kai shi rigakafi, Inna ta raka su. Matata ta ce da ma'aikaciyar ta ɗaga murya ta kira sunan, cikakke, har da na Kaka a ƙarshe, wanda shi ne sunan gidanmu a takarda, Inna ce ta fara miƙewa, tana duban ƙofa.